Zobe na Ɗari Uku

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da Malama ta ce wa yayanta ya tsayar da mota a gindin dutse na ƙarshe. Zobe ɗaya ne ya rage a igiyarta, kuma ta ƙudura a ranta ba za ta koma gida da shi ba.

Ita malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, amma a gidansu Uwar Tsuntsaye ake ce mata. Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk damina sai ta hau tuddan nan tana bin sheƙa bayan sheƙa. Ta ƙirga ƙwai, ta ƙirga 'yan tsaki, ta maƙala wa kowanne ɗan ƙaramin zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, ta rubuta a littafi. Da haka ake sanin nawa aka ƙyanƙyashe, nawa suka rayu har suka tashi. Yayanta bakanike ne. Shi ke tuƙa ta, shi ke ɗaukar tsani, shi ne kuma ke yi mata tsiya kyauta.

Bana kuwa tuddan sun yi albarkar da ba ta taɓa gani ba. Ruwa ya sauka da wuri, ciyawa ta kai ƙugu, fara da ɓeraye suka cika ko'ina, tsuntsaye suka ci suka ƙoshi. Tsattsewa ta ƙyanƙyashe sau biyu. Makwarwa na ratsa hanya da 'ya'ya tara a bayanta, tana taku kamar da ita aka yi titin. Shahon da ya shekara uku sheƙarsa ba ta fid da ko ɗa guda ba, bana uku suka tashi. Zobe ɗari biyu da casa'in da tara Malama ta maƙala, ita da ba ta taɓa haura ɗari biyu ba.

"Ke dai ba ki da dama," in ji Yaya, yana kwance igiyar tsani. "Kin bar jaririya 'yar wata huɗu a hannun Inna, kin zo kina renon 'ya'yan wasu. 'Yar Tsakon taki ita ba tsuntsuwa ba ce, shi ya sa?"

"Ɗaya ya rage, Yaya. Ɗari uku cif."

"To in ya cika sai a ba ki me? Fukafuki?"

"Sauke min tsani, don Allah."

'Yar Tsako shi ne sunan da ya laƙa wa jaririyar. Shekara tara Malama ta yi a ɗakin miji kafin Allah ya ba ta ita, kuma ko a kan tudu take, da ta tuna da yarinyar sai ta ji nono ya tsatso mata.

A jikin dutsen, sama da tsayin mutum biyu, akwai wani rami da mujiya ke sheƙa a ciki duk shekara. Malama ta san warin sheƙar mujiya kamar yadda ta san warin ɗakin girkinta: mushen ɓera, da dunƙulen gashi da ƙashi da suke amayowa. Wannan bai taɓa tayar mata da zuciya ba. Amma yau, tana kai rabin tsani, wani wari dabam ya tare ta. Kamar naman da aka manta a rufaffiyar tukunya har mako guda, a ƙarƙashinsa kuma wani ɗan zaƙi-zaƙi, irin na madarar da ta lalace.

Ta danna tocila. Tocilar ta yi ja, ta mutu.

Tsohon malamin da ya koya mata aikin nan, doka ɗaya ya fi nanatawa. A fito da tsuntsu fili, a gan shi da ido, a auna shi, sannan a sa zobe. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa tsallake wannan ba. Amma ga duhu na tahowa, ga Yaya na danna hon da gwiwar hannu, ga zobe ɗaya tal yana lilo a igiya.

Ta cusa hannu har kafaɗa.

Ɗumi ta fara ji, ɗumi mai yawa, kamar bakin dabba. Sai yatsunta suka taɓa fata. Babu gashi ko sili ɗaya. Santsi, da yauƙi, kamar kazar da aka fige aka bar ta a rana. Ta ja a hankali, abin ya ƙi fitowa, ya fi ƙarfin bakin ramin. Ta ce a ranta bana har 'ya'yan mujiya sun yi ƙiba. Ta lalubo ƙafa, siririya kamar ɗan yatsanta, ta jawo ta bakin rami.

Ta shafa yatsun ƙafar a cikin duhu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Biyar.

Tsuntsu huɗu gare shi. Ta san haka kamar sunanta. Ta ce kuskuren ƙirga ne, ta zura zoben, ta matse filaya.

Abin bai yi hucin ɗan mujiya ba. Wani ɗan gurnani ya yi, irin na jaririn da ya ƙoshi. Sai wani abu mai laushi, jiƙaƙƙe, ya lashi wuyan hannunta.

Gyare da kwaɗin da suka cika kwarin da ƙara suka yi tsit lokaci guda.

Ta sauko tsanin bibbiyu. A mota ta wanke hannu da sabulun Yaya na cire baƙin mai, sau uku, amma duk da haka sai da ya sauke gilashi yana toshe hanci.

"Me kika taɓa haka? Gawar jaki?"

"Mujiya ce," ta ce. Ta buɗe littafi a kan cinya ta rubuta ɗari uku.

Kwana uku bayan nan 'Yar Tsako ta fara kuka. Ba kukan yunwa ba, ba na ciwon ciki ba. Da Inna ta zo yi mata wanka sai ta ga wani zane ya kewaye idon sawunta na hagu, kamar an ɗaure da zare an ja.

"Safar nan da kuke sa wa yara ce," in ji Inna. "Mu da muka haife ku, wa ya sa muku safa?"

Aka cire safa, zanen ya ƙara zurfi. Cikin mako guda ƙafar ta kumbura tana ƙyalli, 'yan yatsun suka fara duhu. Aka kwantar da su a asibiti. Aka ɗauki hoto, aka ɗibi jini, aka canza magani sau uku. Likita ya ce bai ga zare ba, bai ga gashi ba, bai ga komai ba, amma wani abu na shaƙe ƙafar, kuma kullum ƙara matsewa yake yi. Mijin Malama, wanda tela ne mai yawan raha, ya daina magana gaba ɗaya, sai dai ya zauna a bakin gado yana murza hula.

Rana ta goma sha uku da sa zoben nan, likitan ya kira su gefe. Bai yi kwana-kwana ba.

"In jini bai koma ƙafar nan ba zuwa gobe da safe, sai mun cire ta. In ba haka ba za mu rasa yarinyar."

Malama ba ta yi kuka ba. Ta koma ɗaki ta tarar nas na kwance bandeji. Da aka ɗaga audugar ƙarshe sai warin ya taso. Ruɓaɓɓen nama, da zaƙin lalatacciyar madara a ƙarƙashi.

Malama ta san warin nan.

Ta jira nas ta fita, ta lalubo madubin ƙara girma daga jakarta, wanda take karanta lambar zobba da shi. Ta sunkuya a kan ƙafar 'yarta. A can cikin zanen, a jikin jan naman, ga lambobi ƙanana a jere, kamar an buga da hatimi. Na ƙarshensu uku, sifili, sifili.

Nan take ta gane komai. Ɗan tsuntsu tun yana cikin sheƙa kaurin ƙafarsa ke gama girma, shi ya sa zobe ba ya cutar da shi har ya mutu. Amma abin da ke cikin ramin can ba tsuntsu ba ne. Girma yake ta yi, zoben kuma ba ya girma.

Ta kira Yaya. "Zo da mota da tsani. Kada ka tambaye ni."

Tafiyar awa uku ce. Suna isa gindin dutsen ana shirin magariba, daidai irin lokacin wancan zuwan. Tun kafin su kashe mota warin ya shigo. Yaya ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci, bai yi tsiya ko ɗaya ba.

Manyan ƙudaje kore sun lulluɓe dutsen, a lokacin da ya kamata ƙuda ya kwanta. Daga bakin ramin wani ruwa rawaya ya gangaro har ƙasa, ya bushe, wani sabo ya bi ta kansa.

"Riƙe tsanin da kyau," ta ce a hankali. "Duk abin da ka ji, kada ka ɗaga kai."

"Ƙanwata, mene ne a ciki?"

"Ka yi mini alkawari."

Ya yi. Ta yi bismilla ta fara hawa. Matakan tsanin sun yi santsi a ƙarƙashin tafin hannunta. Ƙudaje na faɗa mata a fuska, ɗaya ya shige hancinta ta fyace shi.

Da ta kai sama ta kunna tocila, wadda ta sa wa sabon batir.

"Kashe."

Raɗa ce, dab da kunnenta na dama. Ta kashe.

A gefen ramin, a kan wani ɗan tudun dutse da ko ƙadangare ba zai zauna ba, wata mace na tsugune. Gwiwoyinta sun kai kunnuwanta. Abin da ta yafa ba zane ba ne, jiƙaƙƙen gashin tsuntsu ne, a cukurkuɗe da kashi. Fuskarta fara ce, shimfiɗaɗɗiya kamar faranti. Kan ya juyo gaba ɗaya, kafaɗun ba su motsa ba.

"Kin zo."

Numfashinta ya daki fuskar Malama. Mushe.

"Na zo in cire," Malama ta ce.

"Kwana goma sha uku ɗana bai runtsa ba."

"Tawa ma haka."

"Na sani. Ni ke zama a tagarku."

"Wallahi ban san ɗanki ba ne. Duhu ne, ban gani ba."

Matar ta matso da fuskarta har Malama ta ga wasu ƙananan ƙwari na yawo a gefen idanunta.

"Kin ƙirga yatsun."

Malama ta zaro filayar buɗe zobe daga aljihu. Wani hannu mai sanyi, mai dogayen farata, ya rufe nata. Filayar ta suɓuce, ta ji ƙararta a ƙasa.

"Ƙarfe ba zai ƙara taɓa shi ba."

"To da me zan cire?"

"Da abin da kike sumbatar taki."

Wani abu ya motsa a cikin ramin. Sai ƙafar ta leƙo.

Ba siririyar nan ba ce ta kwanaki. Ta kai kaurin damtsen yaro. Ta kumbura, ta yi shuɗi-shuɗi, fatar ta tsage wuri-wuri. Zoben ya nutse cikin nama, ba a ko ganinsa. A cikin tsagar fararen tsutsotsi ne ke ta kai da komo.

Malama ta kau da kai ta yi amai ta gefen tsani.

"Lafiya?" Muryar Yaya daga ƙasa.

"Riƙe tsani!"

Ta goge baki. Ta tuna 'yan yatsun 'Yar Tsako, yadda suka yi baƙi kamar an tsoma su a tawada. Ta tuna gobe da safe.

Ta kama ƙafar da hannu biyu. Zafi kamar garwashi.

Ta rufe ido ta kafa baki.

Fatar ta fashe. Mugunya mai ɗumi ta cika mata baki, mai gishiri, mai kauri. Ta tofar, ta koma. Wani abu ya yi motsi a ƙarƙashin harshenta. Ta tofar, ta koma.

Abin da ke ciki ya fara kuka. Kukan 'yarta ne, sak.

Ta tura harshe cikin naman tana lalube. Ta ji ƙarfe. Ta bi shi a hankali har ta samu inda bakin zoben biyu suka haɗu. Ita ta matse shi, ta san ta matse shi da kyau.

Ta cusa fiƙarta a tsagar. Ta ciza. Ta murɗa.

Haƙorin ya karye. Zafin ya harba har ƙwaƙwalwarta. Jininta ya gauraya da ruwan ciwon, ya gangara ta haɓarta zuwa cikin riga.

Ta koma da ɗaya fiƙar.

Ƙarfen ya buɗe.

Ta tofo shi a tafin hannu, da guntun haƙori, da tsutsa biyu. Kukan ya tsaya. Ƙafar ta ja da baya cikin duhu. Daga ciki aka sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Malama ta sa ƙafa za ta sauka. Faratan nan masu sanyi suka kama haɓarta.

"Kin yi aikin uwa," in ji matar. "Ba za ki tafi da yunwa ba."

Maƙogwaron matar ya fara motsi, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Malama ta sha ganin wannan ta madubin hangen nesa. Haka tsuntsaye ke yi in za su ciyar da 'ya'yansu.

Ta datse baki. Aka toshe mata hanci.

Ta riƙe numfashi iya ƙarfinta. Sannan ta buɗe.

Abin ya zubo da ɗumi, da gashi-gashi, da ƙananan ƙasusuwa.

Ta haɗiye.

Ba ta san sa'ad da ƙafarta ta bar tsani ba. A kan Yaya ta faɗo, suka zube tare. Ya ja ta kamar buhu ya jefa a mota, ya bar tsanin a jingine, ya fizgi motar ba tare da ya kunna fitila ba sai da suka bar kwarin. Sau biyu yana tsayawa ya buɗe ƙofa ya yi amai saboda warin da ke tashi daga jikinta.

Suna tsakiyar hanya wayarta ta yi ƙara. Inna ce, tana kuka tana dariya.

"Ke 'yar nan, kina ina? Kumburin ya sace! Yatsun sun yi ja! Ga ta nan ta yi barci, likita ya tsaya yana ta kallo kamar wanda aka shuka."

Malama ta ce alhamdu lillahi, ta kifa kai a gwiwa. Akwai abin da ba ta faɗa wa Yaya ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba har yau. Sau biyu matar ta ɗura mata abin nan. Na farko da ƙarfi ne. Na biyu ba wanda ya toshe mata hanci.

Ta yi wanka sau huɗu kafin ta shiga ɗakin asibitin. 'Yar Tsako ta farka, ta ga uwarta, ta fara lalubar gaban riga da baki. Nono ya cika har yana ɗiga. Malama ta dubi ɗan bakin nan, ta tuna abin da ke cikinta yanzu, wanda zai bi jini ya zama nono. Ta miƙa wa Inna yarinyar, ta ce wa mijinta ya je ya sayo madarar gwangwani.

Inna ta yi faɗa har ta gaji. "Wace irin uwa ce ke yaye 'yar wata huɗu, tana tashi daga ciwo?" Malama ta bar ta ta yi ta faɗa. Ta ɗaure ƙirjinta da zane, ta kwana uku tana jin kukan yarinyar ta bango.

A rahoton shekarar ta rubuta ɗari biyu da casa'in da tara. Ta tattara filayoyi da sikeli da sauran kayan ta kai wa tsohon malaminta, ta ce haƙori ne ke damunta. Damina ta zagayo, Yaya bai ko ambaci tudu ba. Abinci kuwa tana ci ne don kada a yi magana, amma duk abin da ta sa a baki kamar takarda take tauna. Tun daga ranar nan ba ta ƙara kai bakinta jikin 'yarta ba, ko a goshi.

Ranar da 'Yar Tsako ta fara tafiya, gidan ya cika da shewa. Ta saki gefen kujera, ta taka ɗaya, biyu, uku, da ƙafafunta biyu lafiyayyu, ta faɗa jikin ubanta. Inna na tafi, Yaya na cewa saura fukafuki. Duk da murnar, kowa na yi yana fifita hanci, don ɓera ya mutu a wani wuri cikin silin kwana huɗu ke nan, an bincika an rasa inda yake.

Malama na tsaye a bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba. Suka ɗauka duk farin ciki ne. Rabi farin cikin ne. Sauran kuwa yawu ne ya cika mata baki tana ta haɗiyewa, don tun daren farko ta san daidai inda ɓeran yake, a kusurwar da ke saman gadonta, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.